Nawa ɗan dako yake samu a Garwa, kuma me aikin yake ci a jikinsa?

Wani bawan Allah daga yankin Gider ya aiko da tambaya a kan ƙanensa mai shekara 22, wanda yake so ya sauko Garwa, a arewacin Kamaru, cin rani bayan an gama girbi, ya shiga aikin dako. Yana son ya san nawa ɗan dako yake samu a rana da a wata, yaya yanayin aikin yake, kuma ko ya dace ya bar yaron ya tafi.

Malam, na shekara goma sha tara ina riƙe da littafin sito a wajen wani ɗan kasuwa mai hada-hadar hatsi da siminti a nan Garwa, kuma a duk tsawon wannan lokacin ni ne nake ƙirga buhuna, ni ne nake biyan 'yan dako da hannuna, saboda haka abin da zan faɗa maka na gan shi ne a bakin ƙofar sito. Abu na farko da ya kamata ka sani shi ne ɗan dako ba shi da albashi. Ana biyansa ne a kan kowane buhu da ya ɗauka, ko a kan kowace mota da gungunsu ya loda ko ya sauke. Wanda ya ce maka ɗan dako yana samun jaka biyar, wato sefa 5,000, a rana bai yi maka ƙarya ba, domin akwai ranar da ake samun haka, sai dai bai gaya maka sau nawa irin wannan ranar take zuwa a wata ba, kuma a nan ne lissafin mafi yawan masu zuwa daga ƙauye yake rushewa.

Bari in yi maka lissafin mota guda kamar yadda muke yinsa. Babbar mota mai ɗaukar tan 30 na siminti tana zuwa da buhu 600, kowane buhu kilo 50. A wajenmu kuɗin sauke buhu irin wannan sefa 50 ne, wato dala goma a ƙidayar kasuwa, kuma na ga inda ake biyan ƙasa da haka idan ƙofar sito tana dab da mota, na kuma ga inda ake ƙarawa idan akwai tafiya ko hawan bene. Buhu 600 a kan sefa 50 ya kama sefa 30,000. Idan mutum goma ne suka yi aikin, kowa zai tashi da sefa 3,000 kafin a cire abin da za a cire. A cikin goman nan biyu suna kan mota suna ɗora wa mutane, biyu suna cikin sito suna jera kaya, shida ne suke kai da komowa, wanda yake nufin kowane ɗaya daga cikin shidan zai ɗauki buhu 100 a kansa ko a wuyansa, tan biyar ke nan, cikin awa uku ko huɗu. Idan Allah ya sa mota ta biyu ta iso a ranar, sai ya tashi da sefa 6,000 da tan goma a gadon bayansa. Buhun masara ko na dawa mai kilo 100 ana biyan sefa 100 ko fiye, buhun albasa kuwa, wanda ake cika shi har a yi masa hula a ɗinke, yakan wuce kilo 100, kuma shi ne ya fi kuɗi, shi ne kuma ya fi karya mutane.

Yadda nake ƙirga shi ne in zauna a bakin ƙofa da kwano cike da 'yan guntayen kara, duk wanda ya wuce da buhu in miƙa masa ɗaya ya soka a aljihu, idan an gama a zube a ƙirga a gaban kowa, a gwada da takardar direba. Na ambaci wannan ne domin ƙanenka ya san cewa wurin da ba a ƙirga a fili, ko wurin da mai ƙirga shi kaɗai ne yake ganin littafi, wuri ne da ake cin gumin mutane a hankali, buhu biyar yau, buhu goma gobe, ba tare da wani ya iya kama hannun kowa ba.

Daga cikin sefa 3,000 ɗin nan akwai kason shugaban gungu, wanda shi ne ya nemo aikin, ya yi ciniki da mai kaya, kuma shi za a kama idan kaya ya ɓace. Akwai ɗan kuɗin asusun ƙungiya da ake tarawa domin rashin lafiya ko rasuwa. Idan buhu ya fashe a hannun mutum, sau da yawa a kansa ake cirewa, alhali buhun siminti guda ya fi abin da ya samu a motar gaba ɗaya. Sannan ga abinci, wanda a wannan aikin ba a iya yi masa rowa: kunu da ƙosai da safe, tuwo ko shinkafa da wake da rana, wani abu da dare, ga ruwa ga sabulu. Da wuya mai ɗaukar tan biyar ya ci ƙasa da sefa 1,000 a rana ya iya tashi washegari. Ka lura cewa cin abinci kullum ne, aiki kuwa ba kullum ba ne.

To yanzu a ce ƙanenka ya samu aiki kwana 15 a wata, kowace rana sefa 3,000, ya tashi da sefa 45,000. Abinci na kwana 30 ya cinye sefa 30,000. Idan a rumfar kasuwa ko a zauren wani yake kwana, saura sefa 15,000. Idan kuwa sun haɗa kuɗi sun kama ɗaki su huɗu ko biyar, sai a rage nasa kason. A watan da kasuwa ta buɗe, ya yi kwana 25 yana aiki, wasu ranakun mota biyu, zai iya haura sefa 100,000, kuma irin wannan watan ne ake ba da labarinsa a ƙauye. Domin ka samu abin gwadawa, a watan Maris na 2023 gwamnatin Kamaru ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga sefa 36,270 da aka tsayar tun 2014, ta mai da shi sefa 60,000 ga ma'aikatan kamfanoni da 'yan kasuwa, sefa 45,000 ga ɓangaren noma, sefa 41,875 ga waɗanda gwamnati ta ɗauka a ƙarƙashin dokar ƙwadago. Sefa 60,000 idan aka raba a kwanakin aiki 26 ya kama wajen sefa 2,300 a rana. Ke nan ranar da ɗan dako ya samu aiki yakan wuce mai ƙaramin albashi, amma idan aka haɗa shekara gaba ɗaya, da ranakun zaman jira da na jinya, da yawa daga cikinsu ba sa kai shi.

Lokacin da ƙanenka ya zaɓa shi ne mafi kyau, wannan kam gaskiya ce. Daga Oktoba zuwa Janairu masara da gyaɗa da dawa suna shigowa daga ƙauyuka, ranar Lahadi kasuwar Pitowa takan cika har a rasa masu ɗauka. Da rani ake gini, saboda haka siminti yana tafiya, kuma masana'antar siminti ta Figil tana nan a kan hanyar Marwa. Auduga tana shiga masana'antun kamfanin auduga na Sodecoton, ga ƙulin auduga da makiyaya suke saye idan ciyawa ta ƙare. Wajen Fabrairu ake girbe masakwa, wato dawar rani, a yankin Arewa Mai Nisa, albasa kuma tana fitowa a loda ta zuwa Yawunde da Duwala. Mayu da Yuni taki ne. Daga nan sai kasuwa ta kwanta: Yuli da Agusta rumbuna sun yi ƙasa, gini ya tsaya, hanyoyin ƙauye sun yanke, motocin da suke bi ta Mora da Dabanga zuwa Kusiri suna kwana da kwanaki a cikin taɓo. A waɗannan watanni na sha ganin mutum ashirin a gindin dalbejiya tun bayan asuba har la'asar, mota guda ta zo, a yi ta gardamar wanda zai shiga.

Akwai dalilin da ya sa kuɗin buhu ba ya motsi ko da komai ya yi tsada, kuma ya kamata ka fahimce shi. A Fabrairu na 2023 litar fetur ta tashi daga sefa 630 zuwa 730, a Fabrairu na 2024 ta koma 840, man dizal kuma ya tashi daga 575 zuwa 720 sannan 828. Masu motoci sun ƙara kuɗin ɗaukar kaya nan take, domin mota ba ta tafiya sai da mai, kuma suna da ƙungiyoyi masu ƙarfi. Ɗan dako kuwa idan ya ce a ƙara masa, mai kaya zai waiwaya ya ga mutum goma a bayansa suna jira. Tun 2014 da rikicin Boko Haram ya tsananta a bakin iyaka, kasuwanni irin su Banki da Amcide da Fotokol suka durƙushe na tsawon lokaci, mutanen da suke ci a can da waɗanda aka kora daga gonakinsu a Mayo Sava da Mayo Tsanaga suka kwararo Marwa da Garwa, kuma aikin da mutum zai fara ba jari ba takarda shi ne dako. Rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020 ya rage kaya, faɗuwar naira tun 2023 kuma ta sa sefa ta zama abin nema ga samarin da suke tsallakowa. Hannu ya yi yawa, kaya bai ƙaru daidai da shi ba. Ga kuma babur mai ƙafa uku da ya ƙwace rabin aikin masu amalanke, domin abin da mai tura amalanke zai kai cikin awa guda shi yana kai shi cikin minti goma.

Da yake na ambaci amalanke, in ce maka dako ba iri ɗaya ba ne, kuma wanda na yi maka lissafinsa shi ne na 'yan lodi, waɗanda a nan ake ce musu bambe. Mai tura amalanke ko baro yakan yi hayarsa ne a kullum, ya biya mai shi da yamma ko ya samu aiki ko bai samu ba, abin da ya rage shi ne nasa. Mai bin mata a kasuwa yana ɗaukar musu cefane sefa 100 ko 200 yake samu a kowace tafiya, kuma wannan ɓangaren yara ne suka cika shi, har da almajirai, duk da cewa dokar ƙwadago ta 1992 ta hana sa yaron da bai kai shekara 14 aiki. Masu loda kaya a tashoshin motocin fasinja suna da ɗan tabbas, domin mota tana tashi kullum, amma shiga cikinsu sai da wanda ya tsaya maka. A Ngaundere, inda layin dogo ya ƙare tun 1974 kuma ake juye kayan Cadi daga jirgin ƙasa zuwa manyan motoci, aiki ya fi tsari kuma ya fi dawwama, haka ma a Kusiri da gadar Ngeli da ake tsallakawa zuwa Njamena. A Cadi mafi ƙarancin albashi sefa 60,000 ne tun 2011, kuma abin da ake ba ɗan dako a kasuwar Dembe ko kasuwar gero ta Njamena yakan ɗan ɗara namu, sai dai kwano da ɗaki a can suna cinye bambancin, ga kuma larabcin Cadi da dole baƙo ya koya kafin ya iya ciniki.

Yanzu in zo kan jiki, wanda a ganina shi ne ainihin tambayarka ko da ba ka faɗa ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tun 1967 ta ba da shawarar kada namiji baligi ya ɗauki abin da ya wuce kilo 55 shi kaɗai. Buhun siminti da na shinkafa suna cikin wannan iyaka, buhun masara ya ninka ta kusan sau biyu, na albasa ya wuce haka. Kuma ɗaukar a ƙasa mai laushi ba ita ce matsala ba kamar hawan katakon da ake jinginawa a bayan mota, wanda faɗinsa bai wuce taki ɗaya ba, yana lanƙwasa a ƙarƙashin mutum, mutum kuma yana sanye da silifas ko ƙafarsa tsirara. Abin da na fi gani a tsawon shekaru shi ne ciwon baya da yake sauka har ƙafa, ciwon wuya, gwiwa da ta ƙare tun mutum bai kai arba'in ba, da gwaiwa, wadda ba ta da magani sai tiyata. Ƙurar siminti idan ta haɗu da gumi tana cin fata, shi ya sa za ka ga wuyan masu sauke shi da kafaɗunsu sun yi sanƙo sun tsattsage, ga tari da ba ya jin magani. Hatsin da aka zuba wa maganin ƙwari a rufaffen sito yana sa jiri da amai idan aka shiga ba a bar iska ta ratsa ba. A Maris da Afrilu zafi a Garwa yana wuce digiri 40, cikin mota mai rufin ƙarfe kuwa ya fi haka nesa, kuma wanda yake zubar da gumi haka ba ya shan ruwa isasshe ƙodarsa ce take biya. Azumin 2024 da na 2025 a cikin Maris suka faɗo, mu sai muka mai da lodi bayan tarawihi da bayan asuba, amma ba kowane mai kaya ne ya yarda motarsa ta jira dare ba.

Akwai wani magidanci da ya yi shekara takwas yana aiki a ƙofarmu, mutum mai natsuwa wanda ban taɓa jin an yi gardamar ƙirga da shi ba. Wata rana a cikin Satumba an yi yayyafi, katako ya jiƙe, yana hawa da buhun masara ƙafarsa ta zame, ya faɗo ta gefe buhun ya bi shi ya danne masa cinya. Na ji ƙarar ƙashin daga inda nake zaune. Mai motar ya ce ba yaronsa ba ne, wanda ya sayi masarar ya ce shi shugaban gungu ya ba aiki, maigidana ya ba da sefa 20,000 da buhun dawa a matsayin taimako. Aka kai shi wajen maɗori saboda kuɗin asibiti ya fi ƙarfin abin da aka tara. 'Yan gungunsa suka riƙa cire masa kaso kamar yana nan har mako uku, daga nan su ma suka gaza, domin kowa da iyalinsa. Ƙafar ta ɗoru a karkace, yanzu goro yake sayarwa a faranti. Abin da yake damuna har yau shi ne babu wanda ya karya wata yarjejeniya a cikinmu, domin tun farko babu yarjejeniyar, kuma ni da nake riƙe da littafi ban taɓa rubuta sunansa a matsayin ma'aikaci ba, adadin buhunansa kawai nake rubutawa.

Doka ba ta yi shiru a kan wannan ba. Dokar ƙwadago ta Kamaru ta tsayar da awa 40 a mako ga ayyukan da ba na noma ba, da hutun awa 24 a jere kowane mako, kuma ta san da ma'aikacin wucin gadi da na lokaci-lokaci. Wanda ya ɗauki ma'aikaci wajibi ne ya yi masa rajista a asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, wato CNPS, idan hatsari ya faru a bakin aiki ya kai rahoto cikin kwanakin aiki uku, asusun ya ɗauki nauyin magani da diyya. Ma'aikacin da aka hana haƙƙinsa yana iya kai kuka wajen sufeton ƙwadago, wanda zai fara neman sulhu kafin a je kotu, kuma ba a biyan kuɗi a kan haka. Inda gizo yake saƙa shi ne dole a nuna wane ne ya ɗauke ka aiki, ɗan dakon kasuwa kuwa yau na wannan ne gobe na wancan. Tun 2014 an buɗe wa masu sana'ar kansu ƙofar yin rajista da CNPS bisa raɗin kansu, suna zuba wani kaso na abin da suka ce suna samu, amma wannan na fansho ne da naƙasa da rasuwa, ba ya ɗaukar jinyar hatsarin aiki, kuma mutumin da yake jiran motar gobe kafin ya ci abinci da wuya ya iya zubi na shekara da shekaru. Saboda haka idan ƙanenka ya samu gurbi a kamfani ko babban sito da ake rubuta suna a yi rajista, ko da kuɗin rana bai kai na kasuwa ba, ra'ayina ya karɓa ba tare da dogon tunani ba.

Dole in yi maganar ƙwaya, domin ita ce ta fi ba ni tsoro a kan yaro mai shekara 22. Tiramadol, wanda ake kira tiramol, maganin ciwo ne mai ƙarfi da ake sayarwa a ɓoye a gefen kowace tasha, wasu ma a cikin shayi ko kofi suke narka shi. Sabon shiga a makonsa na farko jikinsa duk tsami yake yi, ya kasa ɗaga hannu da safe, sai wani ya miƙa masa guda ya ce wannan ne sirrin aikin. Zai sha ya ji kamar buhun ba shi da nauyi, kuma illar ke nan, domin ciwo shi ne yake gaya wa mutum ya sauke kaya kafin wani abu ya tsinke. Bayan wata biyu guda ba ta isa, bayan shekara rabin kuɗin rana a can yake tafiya, kuma idan aka sha da yawa tana sa mutum ya faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya. Na ga wanda abin ya kama a kan mota. Tsamin makon farko yana wucewa da kansa idan aka yi haƙuri, aka fara da buhu mai kilo 50, aka sha ruwa, aka yi barci. Ka gaya masa wannan da bakinka kafin ya bar gida, kada ya fara jin sa daga bakin mai sayarwa.

Mu masu biyan kuɗi ma akwai namu laifin, kuma ba zan ɓoye shi ba. Mafi munin ɗabi'ar da na sani ita ce a gama sauke mota a ce wa mutane su dawo gobe maigida ya fita, ko a bar su tsakanin direba da mai kaya kowa yana cewa ɗayan ne zai biya. Hadisin da Ibn Majah ya ruwaito ya ce a ba ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe, kuma babu sana'ar da wannan magana ta fi dacewa da ita kamar dako, domin gumin a zahiri yake zuba a gabanka. Gungun da ya san aikinsa ba ya kwance igiyar tamfol sai an yanke magana uku: nawa ne buhu, wa zai biya, kuma yaushe. Ƙanenka ya lura da shugaban da yake yin haka, ya bi shi, ya guji wanda yake karɓar kuɗi a bayan mota ya zo ya ce ga abin da aka bayar.

Amsata ga ko ka bar shi ya zo ita ce ka bar shi, amma da sharaɗi da wa'adi. Dako sana'a ce ta halal wadda ta rufa wa dubban gidaje asiri, kuma ga saurayi mai lafiya da ba shi da iyali a birni, rani guda daga Nuwamba zuwa Afrilu yana iya ba shi kuɗin taki, ko ɗan maraƙi, ko rabin kuɗin aure. Waɗanda na ga sun ci ribarsa su ne waɗanda suka shigo da abin da suke nema a ransu, suka yi shekara uku ko biyar, suka sayi amalanken kansu suka ba da haya, ko suka bi mota suka koyi tuƙi, ko wani ɗan kasuwa ya ga amanarsu ya ba su tsaron sito. Waɗanda suka zauna har shekara ashirin kuwa, da wuya ka ga wanda ya fita da abin da ya wuce ciwon baya, domin a wannan aikin kuɗin ɗan shekara 45 bai fi na ɗan shekara 20 ba, sau da yawa ma bai kai ba, tunda buhu ake ƙirgawa.

Kafin ya taso, ka nemo masa wani daga garinku da ya riga shi a cikin wani gungu, domin baƙon da ba shi da mai gabatar da shi a gefe yake tsayawa sai an rasa hannu. Ya zo da katin shaidarsa na ɗan ƙasa, saboda masu kwana a kasuwa su ne farkon waɗanda ake tambaya takarda idan an yi sintiri da dare. Ya sayi takalmi rufaffe mai kama ƙasa da tsohon buhu ko mayafi mai kauri na rufe wuya da kafaɗa. Kada ya riƙa ajiye kuɗi a jikinsa inda yake kwana; ya shiga adashin mako da mutanen da aka sani, ko ya riƙa turo maka ta Orange Money ko MTN duk ranar Juma'a, kai kuma ka riƙe masa amana ka rubuta, kada a cinye a cefanen gida. Idan ya ji kumburi a matsematsinsa ko ciwon baya da yake sauka ƙafa da dindiris, ya tsaya ya je asibiti a makon, kada ya ɗaure ciki da ɗamara ya ci gaba kamar yadda ake yi. Ku kuma yanke ranar komawa tun yanzu, ranar da ba za ta wuce farkon Mayu ba, domin a daidai lokacin ne motocin taki suke fara isowa, kuɗi ya ɗan yi kauri, samari su ce bari su ƙara mako biyu, har shuka ta wuce su a gida, su wayi gari a cikin Yuli a gindin dalbejiya ba gona ba mota.